Babi na Bakwai: Walƙiya Mai Cikin Cakulan

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban gilashin shagon kayan maƙulashe a Faris, ko a manyan gidajen burodi na Yamai da Abijan da Dakar, inda Faransa ta bar ɗanɗanonta bayan ta naɗe tabarmar mulki, ya san shi ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, tsawonsa kamar daga tsintsiyar hannu zuwa tsakiyar yatsa, kaurinsa kamar yatsu biyu a haɗe, gadon bayansa shafe da cakulan mai sheƙi. Faransawa suna rubuta sunansa éclair, ekiler ke nan a bakin Bahaushe, ma'anar kalmar kuwa walƙiya. Wasu sun ce sheƙin bayan nan ne ya jawo masa sunan, wasu sun ce saurin da yake ɓacewa daga faranti ne. Wanda ya taɓa ajiye goma sha biyu a gaban yara huɗu ya san ɓangaren da zai goya wa baya.

Idan aka gatsa, sai a tarar ɓawon waje siriri ne mai ɗan ƙarfi, ciki kuwa kogo ne da aka ɗura wa kirim mai sanyi. Babu wanda ya rarake kogon nan da cokali. A cikin tanda ya yi kansa, alhali babu yis a kwaɓin, babu hodar da ke sa kek ya tashi. Aikin ruwa ne. Idan ruwa ya zama tururi girmansa yana ninkuwa wajen sau 1,700, in kuwa aka tsare shi cikin kwaɓi mai danƙo sai ya hura shi kamar balan-balan. Daga farkon aikin ekiler har ƙarshensa da ruwa ake kokawa: a wani wuri lallaɓa shi ake ya zauna, a wani wuri korarsa ake, akwai kuma inda ɗigo ɗaya nasa ke ɓata wahalar yini.

Kwaɓin ya girmi ekiler nesa ba kusa ba. Faransawa suna ce masa kwaɓin shu, shu kuwa kabeji ne a harshensu, domin idan aka gasa shi a dunƙule yakan fito da tattara kamar ƙaramin kan kabeji. Littattafan girki suna son maimaita labarin cewa wani kuku ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro shi a fadar Katarina ta gidan Medici, wadda aka kai ta aure Faransa a 1533. Masu bin diddigin tarihin abinci ba su cika gaskata wannan ba, don kusan duk wani abin daɗi da Faransa ke taƙama da shi an taɓa jingina shi ga 'yan rakiyar amaryar nan. Wanda sawunsa ya fi fitowa fili shi ne Antonin Carême. An haife shi a Faris cikin talauci 'yan shekaru kafin juyin juya halin 1789, ya tashi yaron kicin, ya koyi aikin fulawa a shagon Sylvain Bailly kusa da Palais-Royal, daga baya ya yi wa babban ɗan siyasa Talleyrand girki, da yarima mai jiran gadon Ingila wanda ya zama Sarki George na IV, da gidan attajiran nan Rothschild. Littafinsa na 1815 kan aikin fulawa yana cikin waɗanda suka ɗora sana'ar bisa ƙa'ida da ma'auni. Ya rasu a 1833, sunan ekiler kuma sai bayan tsakiyar ƙarnin ya bazu. Kafin nan dogon shu mai ciki ana kiransa da wani suna da za a iya fassarawa burodin gimbiya.

Kwaɓin guda ne, 'ya'yansa suna da yawa. Idan aka yi shi ƙanana a dunƙule aka malala masa cakulan, firofitarol ke nan. Idan aka zagaya shi kamar tayar keke, shi ne Paris-Brest, wanda Louis Durand ya fito da shi a 1910 don girmama tseren keke tsakanin garuruwan biyu.

Kayan da ake bukata don ekiler goma sha biyu ba su fi ƙarfin kicin ɗin gida ba: ruwa mililita 125, madara mililita 125, bota giram 100, fulawa giram 150 da aka tankaɗe, ƙwai manya huɗu, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari ƙaramin cokali ɗaya. Mai girki za ta yayyanka botar ƙanana kafin ta jefa cikin ruwa da madarar, kuma akwai dalili. Idan ta saka ta a dunƙule, ruwan zai yi ta tafasa yana tsiyayewa sama kafin botar ta gama narkewa, ma'auni ya ɓaci tun ba a je ko'ina ba. Da zarar tukunya ta tafaso sosai sai ta sauke, ta juye fulawar gaba ɗaya a lokaci guda, ta kama tuƙi da ƙaramar muciya.

A nan macen da ta saba da tuwo ta riga ɗalibin makarantar girki. Hannunta ya san nauyin gari idan ya sha ruwan zafi, ya san yadda ake murje gudaji a jikin tukunya. Bambancin shi ne babu talge, babu zuba gari kaɗan-kaɗan. Cikin daƙiƙa talatin abin da ya yi kama da ɓarna zai haɗe ya zama curi guda mai santsi, yana sakin gefen tukunya da kansa. Sai ta mayar kan wuta matsakaiciya, ta ci gaba da juyawa minti biyu ko uku, har ta ga wani ƙanzo siriri fari ya kwanta a gindin tukunyar, kicin ya ɗauki ƙamshin dafaffiyar fulawa da bota. Tuƙin nan yana yin aiki biyu. Zafi yana sa sitacin fulawa ya kumbura ya riƙe ruwa a jikinsa, ruwan da zai zama tururi a tanda. Yana kuma busar da rarar ruwan da ba a so, don a samar wa ƙwai wuri. Wadda ta yi gaggawar saukewa za ta tarar kwaɓinta ya ƙoshi tun a ƙwai na uku, ƙwai kuwa shi ne ginshiƙin da ke riƙe bangon kogon.

Ba a zuba ƙwai a curi mai tururi. Farin ƙwai yana fara daskarewa da zafi ya haura digiri 60 kaɗan, don haka ake juye curin a kwano a baza shi ya sha iska minti biyar, har yatsa ya iya jure zama a cikinsa. Sannan a kaɗa ƙwan a wani kofi, a riƙa zubawa kashi-kashi ana bugawa. Kowane zubi sai kwaɓin ya rarrabu ya yi silɓi kamar ya lalace, a ci gaba da bugu sai ya sake haɗewa.

Wannan ne wurin da takarda ke yaudarar mutane. Littafi ya ce ƙwai huɗu, amma ƙwai huɗun da marubucin Faris yake nufi nauyinsu giram 200 ne ba tare da ɓawo ba. Ƙwan kajin gida bai kai haka ba, na zabi ma da ke cika kasuwa da damina ƙarami ne, sai a bukaci biyar ko shida. Fulawar da ta kwana cikin bushewar hunturu ta fi ta watan Agusta shan ruwa. Saboda haka ƙwararru ba ƙirga ƙwai suke ba, kwaɓin suke kallo. A ɗebo shi da muciya a ɗaga: idan ya maƙale ya ƙi faɗuwa, yana son ƙari, idan ya zuba kamar kunu, an wuce gona da iri, idan ya sauko a hankali cikin nauyi ya bar wani harshe mai tsini yana reto a bakin muciyar, yana sheƙi, to ya yi. Ragowar ƙwan a ajiye shi, ko da rabin kofi ne. Wanda ya zarce kuma ba a gyara shi da ɗanyar fulawa, domin ba ta dahu ba, ba za ta riƙe komai ba. Sai dai a tuƙa wani ɗan curi sabo a haɗa.

A shagunan Faris da jakar matsawa mai bakin ƙarfe ake zana shi. A gida leda mai kauri ta wadatar: a zuba kwaɓin, a yanke kusurwa ɗaya faɗin santimita ɗaya da rabi, a matso layuka masu tsawon santimita 12 a kan faranti da aka shimfiɗa wa takardar gashi, da tazarar yatsu uku tsakaninsu don za su ninka girma. A jiƙa yatsa a danne tsinin da ya tashi a ƙarshen kowane layi, in ba haka ba shi zai fara ƙonewa. Wasu suna jan cokali mai yatsu a bayansa a hankali, don tsagar da zai yi ta bi layi.

Tanda kuwa sai ta yi zafi tun kafin faranti ya shiga, digiri 200 na minti goma sha biyar, sannan a rage zuwa 180 na wasu minti ashirin ko ashirin da biyar. Idan ƙofar tana da gilashi, abin kallo ne. Minti biyar na farko babu abin da ke motsi. Wajen minti na takwas sai layukan su fara ɗagowa, su tsage kaɗan a gefe, su kumbura har mai kallo ya fara zargin ko an saka yis a ɓoye. Daidai lokacin nan ne hannu ke ƙaiƙayin buɗe ƙofa, kuma wanda ya buɗe ya gama da su. Tururi ne kaɗai ke tallafe da bangon, ƙwan bai gama ƙarfi ba. Iska mai sanyi tana shiga tururin ya koma ruwa, ekiler ya lotsa ya kwanta kamar tayar da ta yi faci, kuma ba ya sake tashi. Kuskure na biyu shi ne fitar da shi da wuri don an ga ya yi ruwan zinari. Launin da ake nema ya fi haka duhu, ja-ja kamar bayan gurasar da ta ji wuta, har cikin tsagogin. Idan ya fito sai a huda kowanne da tsinin wuƙa a ƙasa, huda biyu ko uku, a mayar tanda da aka kashe na minti biyar da ƙofa a ɗan buɗe. Tururin da ya gina kogon, in an bar shi a ciki, shi zai jiƙa bangon ya rusa shi. Wanda ya gasu daidai, idan aka ɗauka, ba shi da nauyi ko kaɗan, in an ƙwanƙwasa gindinsa yana amsawa kamar ƙaramin ƙoƙo.

Masu gasa kek a tukunya da yashi ko duwatsu za su iya gwadawa, amma dunƙulallu ƙanana sun fi dogaye jure rashin daidaiton wuta, kuma dokar murfi ita ce dokar ƙofa.

Kirim ɗin ciki ɗan'uwan kastad ne, sai dai na asali, mai ƙwai. Garin kastad na gwangwani da aka sani a gidaje, wani mai haɗa magunguna ne a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai, shi ya sa sitacin masara ne kawai da launi da ƙamshi. Na ekiler yana son madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai huɗu, sukari giram 90, farin sitacin masara giram 40, da cakulan mai duhu giram 120. A buga gwaiduwa da sukari da sitaci har su yi haske, a tafasa madara, a tsiyaya kashi ɗaya cikin uku a kansu ana motsawa, yadda mai damun koko ke sheƙa ruwan zafi a kan gasara hannunta bai tsaya ba. Sai a juye duka cikin tukunya a mayar wuta. Zai yi kauri farat ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke saukewa don tsoron kada ƙwai ya guntse. Sitacin ya riga ya kare shi daga wannan. Dole a bar shi ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya ko biyu ana juyawa, saboda a cikin gwaiduwa akwai wani sinadari mai narkar da sitaci, wanda in zafi bai kashe shi ba zai yi aikinsa a ɓoye cikin firji, a wayi gari kirim ya tsinke ya zama ruwa. Bayan an sauke sai a zuba cakulan da aka daddatsa, a juya ya narke, a juye a faranti mai faɗi, a manna leda a fuskarsa don kada ya yi fata, a kai sanyi.

Cakulan ɗin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, ko don tafiyar da ya yi kafin ya iso tukunyar nan. Bahaushe ya haɗa abu biyu a suna ɗaya, kokon da ake sha da ƙosai da kokon da ake nomawa a kurmi, ba su kuwa haɗa komai ba. Ɗan'uwan kokon kurmi na jini shi ne goro: masana tsirrai a dangi ɗaya suka sa su, kuma ɗacin da ke wartsake mai cin goro yana da alaƙa da ɗacin cakulan mai duhu. Asalin bishiyar koko daga yankin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda mutanen Maya da Aztek suke shan ƙwayarta a dame da barkono. Turai ta yi ƙarnoni tana shan koko kafin ta iya tauna shi. A 1828 gidan Van Houten na Holan ya fito da injin matse mai daga ƙwayar koko, abin da ya ba da garin koko. A 1847 kamfanin Fry na Bristol ya yi sandar cakulan ta farko. A 1879 Rodolphe Lindt na Suwizalan ya gano cewa doguwar niƙa ita ke ba shi santsin narkewa a harshe. Cikin shekarun 1870 ɗin nan ne Tetteh Quarshie, wani maƙeri, ya komo ƙasar da ake kira Ghana a yau da irin koko daga tsibirin Fernando Po, daga baya kuma kurmin Asante da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sayen goronsa ya koma gonakin koko. Yau Kwaddibuwa da Ghana su ke ba duniya wajen rabin kokon da take ci. Najeriya ma tana sahun gaba, daga Ondo da Osun da Kuros Riba, kuma kuɗin koko ne ya gina dogon benen nan na Ibadan, Cocoa House, a 1965. Duk da haka sandar cakulan mai kyau a kantunan Afirka ta Yamma yawanci daga Turai take dawowa, da tsadarta. A 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba, kuma mai gashi a gida ta ji a jikinta.

Tsadar nan ce ke sa a duba bayan takarda kafin a saya. Cakulan na gaske da man koko ake yinsa, man koko kuwa yana narkewa wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake tsaye a hannu ya narke a baki. Tarayyar Turai tun 2000 ta yarda a surka shi da wasu mayukan tsirrai da ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba, cikinsu har da man kaɗe, wato akwai sandunan Turai da ke ɗauke da ɗan rabon kaɗanyar dajin savana. Mai araha da ake sayarwa a manyan ƙulli don masu kek, an cire masa man koko an sa man alayyadi da aka daskarar. Yana jure zafin bazara, wannan gaskiya ne, amma yana barin maiƙo a ganɗa kamar kitsen miyar da ta huce. A cikin kirim, garin koko tsantsa giram 30 da bota giram 30 sun fi shi nesa. Garin shayi irin su Milo da Bournvita kuwa nasu aikin daban ne; sukari da malt da madara sun rinjayi kokon da ke ciki, za su ba da zaƙi da launi ba tare da ɗacin da ke tsayar da zaƙin ba.

Shafin bayan nan mai sheƙi, a shagunan Faransa yawanci da wani narkakken sukari ake yinsa. A gida ganash ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗi: cakulan giram 100, kirim ɗin madara mai zafi mililita 80, a zuba a kai, a bari minti ɗaya, a juya daga tsakiya a hankali. Inda babu kirim, madarar gwangwani ta ruwa mililita 60 da cokali ɗaya na bota suna tsayawa a madadinsa. A nan ruwa ke nuna halinsa mafi ban haushi. Idan ana narkar da cakulan shi kaɗai, ɗigo ɗaya daga jiƙaƙƙen cokali ko daga murfin tukunya ya isa ya sa sukarin ciki ya manne wa juna, abin da ke malala yanzu-yanzu ya dunƙule ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Maganinsa kuma ƙarin ruwa ne: a zuba madara mai zafi cokali-cokali ana juyawa, har ta isa ta narkar da sukarin duka, sai ya saki ya dawo santsi.

Saura haɗawa. A buga kirim ɗin da ya yi sanyi har ya yi laushi, a zuba a leda mai ƙaramin baki, a cusa ta hudojin nan na ƙasa a matsa. Hannu ne ke faɗin ya cika: ɓawon da ɗazu ba shi da nauyi sai ya yi nauyi a tafi, kirim ya leƙo ta huda ta gaba. A kifa bayansa cikin ganash, a ɗaga, a bar rarar ta tsiyaye, a share gefe da yatsa.

Daga nan agogo ya fara aiki. Ruwan da ke cikin kirim yana ratsa ɓawon sannu a hankali, bayan awa huɗu ko biyar ƙarfinsa ya fara tafiya, washegari kuwa ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Kirim mai ƙwai da madara ba ya son zama a waje fiye da awa biyu, balle a watan Afrilu, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas firjin ma ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa masu yi don baƙi suke raba aikin. Ɓawon da ba a cika ba yana kwana biyu a rufaffen gwangwani, minti biyar a tanda mai zafi ya dawo masa da ƙarfinsa. Kirim a dama shi da safe. Cikawa da shafawa kuwa sai an ji sallama a ƙofar gida, a jera su a tire tun ganash bai gama daskarewa ba, a ajiye tsumma kusa, domin wanda ya gatsa ta wannan kai, kirim ta ɗaya kan yake fitowa.